Tsokaci kan Hoton da Aka Gyara da Kwamfuta: Misali daga Hausawan Shuwak

1.0 Gabatarwa

A yau da wuya hoto ya iso hannun mutum ba tare da an taɓa shi a kwamfuta ko a wayar hannu ba. Ana ƙara masa haske, a share ƙuraje, a sauya bango, wani lokaci ma a ɗauko mutum daga ƙofar gidansa a tsayar da shi a gaban Ka'aba. Idan mai gyara ya gama aikinsa, sai ya miƙo hoton ya ce, "Yaya kuka gani?" Amsar da aka fi ji iri biyu ce: ko dai "ya yi kyau", ko kuwa "bai yi ba". Duka biyun ba sa ƙarar mai gyara da komai, domin ba su nuna masa abin da zai riƙe da abin da zai sauya ba.

Wannan takarda za ta duba yadda ake yin tsokaci mai amfani da harshen Hausa kan irin wannan hoto. Za a nuna cewa tsokacin yana da matakai uku: sanin abin da aka yi hoton dominsa, kiran abin da ido ya gani da sunansa, da zaɓen lafazin da ya dace da matsayin wanda ake yi wa magana. An jingina bayanin da garin Shuwak na gabashin Sudan, inda Hausa da Larabci suke cuɗanya. Jimlolin misali da hirar da ke cikin takardar an tsara su ne don koyarwa.

2.0 Shuwak da Hausawanta

Shuwak gari ne a jihar Gadarif, a bakin kogin Atbara, kan babbar hanyar da ta tashi daga Gadarif zuwa Kasala. Hausawa sun daɗe da zama a wannan yanki. Wasu hanyar aikin hajji ce ta kawo kakanninsu, wasu kuma sun yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas har ya zauna a bakin Shuɗin Nilu. Daga baya aikin gonakin dawa da riɗi na Gadarif, da su da noman bakin kogi, suka janyo ƙarin jama'a. Al-Amin Abu-Manga ya nazarci yadda Hausar Sudan ta rungumi Larabci a littafin da ya wallafa a 1999.

Abubuwa biyu na kusa sun ƙara wa tsohon hoto daraja a yankin. Madatsun ruwa na Rumaila da Burdana, a kan kogunan Atbara da Sitit, waɗanda suka fara aiki a 2017, sun sa an tayar da ƙauyuka zuwa sababbin matsugunai. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 kuma ya kwararo da ɗimbin 'yan gudun hijira cikin jihar, da yawansu ba su fito da komai ba sai abin da ke cikin waya. A irin wannan hali, hoto guda ɗaya yana iya zama shi kaɗai ya rage na wani gida ko na wani mamaci. Wanda aka ba shi ya gyara, amana aka ba shi.

3.0 Gyaran Hoto Jiya da Yau

Gyaran hoto ya girmi kwamfuta. Masu ɗakin hoto na da sukan bi dodon hoto da fensir su ɓatar da tabo, su kuma shafa launi da hannu a kan hoton baƙi da fari. A zamanin ne Rashid Mahdi ya yi suna a birnin Atbara na arewacin Sudan. A Bamako kuwa, Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a 1948, yakan ajiye rediyo da babur da mota don mai son hoto ya tsaya kusa da su. Ashe burin mutum ya fito a hoto fiye da yadda yake a zahiri tsohon buri ne.

Abin da kwamfuta ta kawo shi ne sauƙi da sauri. Manhajar Photoshop ta fito a 1990, kuma a 1994 ta zo da tsarin falle-falle, wato a jera sassan hoto wani kan wani, a taɓa ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba. Daga 2011 manhajojin waya irin su Snapseed da PicsArt suka sa aikin ya shiga aljihun kowa. Daga baya kuma ƙirƙirarriyar basira ta shigo, wadda ke iya cike gurbin da ya lalace a hoto da abin da ta ƙiyasta. Wannan batu na ƙiyasi za a sake komawa kansa a gaba.

4.0 Kalmomin da Suka Shafi Tsokaci

Ya kamata ɗalibi ya bambance kalmomin da ke kusa da juna. Yabo shi ne faɗar alherin abu. Kushe kishiyarsa ce, wato rage darajar abu ba tare da nufin gyara ba. Suka ta fi nauyi, domin takan kai ga mai aikin kansa. Sharhi bayani ne mai faɗi, tsokaci kuwa gajere ne, yana ɗaukar wuri ɗaya ya nuna. Habaici da gugar zana magana ce a kaikaice wadda mai ita zai iya musantawa, don haka ba su da amfani ga mai koyon sana'a. Kalmar da ta fi dacewa da manufar wannan takarda ita ce gyara, kamar yadda take a karin maganar nan: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai tsokaci na gari yana neman kayan su tsaya daidai ne a kan mai su.

5.0 Mataki na Farko: Me Aka Yi Hoton Dominsa?

Ba a auna kowane hoto da mudu ɗaya. Ana iya kasa hotunan da ake kaiwa gyara gida uku.

Na farko shi ne hoton ado, kamar na biki, na suna, na sallah, da na tallar kaya. A nan mai gyara yana da sarari. Idan ya kewaye amarya da furanni, ko ya sa wa ango bangon wani katafaren gida, kowa ya san ado ne. Tambayar mai tsokaci ita ce: adon ya zauna ko bai zauna ba? Duk da haka wasu ƙasashe sun sa iyaka. Tun watan Oktoba na 2017 dokar Faransa ta wajabta a rubuta sanarwa a jikin hoton talla idan an rage ko an ƙara jikin wanda ke cikinsa.

Na biyu shi ne hoton shaida, kamar na fasfo, na katin ɗan ƙasa, da na labarai. A nan ƙwarewar gyara ba ta wanke mai gyara. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza kusa da 'yar'uwarta don su shiga bangon mujalla, ta sha suka. A 1994 mujallar Time ta ƙara wa fuskar O. J. Simpson duhu, mutane suka gane da suka kwatanta da bangon Newsweek mai ɗauke da hoton nan ɗaya. A watan Maris na 2024 manyan kamfanonin dillancin labarai suka janye hoton Gimbiya Kate ta Ingila da 'ya'yanta saboda alamun taɓawa. Tsokaci kan hoton shaida gajere ne: a mayar da shi yadda yake.

Na uku shi ne hoton gado, wato tsohon hoton iyaye da kakanni da ake son a farfaɗo. Wannan ya fi sauran wuyar sha'ani, domin ana son a kawar da ɓarnar da ruwa da gara da shekaru suka yi, amma ba a son a taɓa mutumin. Tambayar da ta dace ita ce: wanda ya san shi zai gane shi?

Saboda haka jimlar farko ta mai tsokaci tambaya ce:

(1) Wannan na rataye wa a ɗaki ne, ko na takardu?

6.0 Mataki na Biyu: Kiran Abu da Sunansa

Hausawa na cewa ido ba mudu ba, ya san kima. Sau da yawa mai kallo yana jin cewa hoto bai zauna ba, amma ya rasa kalmar da zai faɗa. Ga wuraren da ya kamata ido ya bi.

6.1 Haske da Inuwa

Idan aka ɗauko mutum daga wani hoto aka ɗora a kan wani, haske ne ke fara tona asiri. Rana tana dukan mutumin daga dama, ginin da ke bayansa kuma daga hagu. Ko kuwa a manta da inuwa a ƙarƙashin ƙafa, sai mutum ya yi kamar yana reto a iska. Amsa-kama tana taimakawa ƙwarai wajen fayyace irin wannan:

(2) Rigar ta yi fari fat, har aikin wuyan ya ɓace.
(3) Ƙarƙashin rawanin ya yi baƙi ƙirin, ba a ganin ido.
(4) Fuskar ta fito tangaran, amma hannun yana dishi-dishi.

A lura cewa kowace jimla ta ambaci wuri, ta faɗi abin da ya same shi, biyu na farko kuma sun ƙara da abin da aka rasa. Wannan ne ya raba su da "bai yi ba".

6.2 Gefe da Girma

Wurin da aka yanko mutum yakan bar alama, musamman a gashi, a bakin mayafi, da tsakanin yatsu. Sai a ga wani farin zare ya kewaye shi, ko a ga an datse kunne. Haka nan girma: mutum ya fi ƙofar mota tsawo ninki biyu, ko a ja hoto ta gefe ɗaya har fuska ta yi faɗi. Aikatau masu nuna ƙarewar aiki gaba ɗaya, irin su goge, share, datse, cinye, sun dace da wannan wuri:

(5) An cinye gefen mayafin wajen yanka.

6.3 Launin Fata

Nan ne tsokaci ya fi bukatar hattara. Manhajoji da yawa suna haskaka fata da zarar an taɓa maɓallin ƙawata fuska. A 2017 kamfanin FaceApp ya nemi afuwa bayan an gano cewa wata filtarsa ta ƙara kyau tana mayar da baƙar fata fara. Haka kuma sulɓe fuska fiye da kima yana sa ta yi sumul kamar roba. Hausa tana da baƙi, da fari, da wankan tarwaɗa, kuma ninki yana rage ƙarfin launi, kamar a ce fari-fari ko ja-ja. Ana iya cewa:

(6) Ita wankan tarwaɗa ce, amma a nan ta koma fara, wuyanta kuma bai bi fuskar ba.

A Shuwak akwai ƙarin tarko ga ɗalibin harshe. Larabcin Sudan yana kiran mai duhun fata akhdar, wanda a zahiri ke nufin kore, mai tsananin duhu kuma azrag, wato shuɗi. Idan Bahaushen can ya surka Larabci ya ce a bar mutum akhdar yadda yake, duhun fatarsa yake nufi. Wanda ya fassara kalmar da kore ya ɓata saƙon. Haka ma kalmar hoto, wadda Hausa ta aro daga Ingilishi, takwararta a Larabci ita ce sura, kalmar da a Hausa ta fi nufin siffa ko ƙirar jiki.

6.4 Allo da Takarda

Wani laifin ba na hannun mai gyara ba ne. Allo yana haɗa launi da hasken ja da kore da shuɗi, na'urar bugawa kuwa da tawada take aiki, don haka hoto yakan fi duhu a takarda. Hoton da aka turo ta WhatsApp kuma yawanci an matse shi, ƙwayoyinsa sun ragu. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoto mai inci 4 da 6 yana bukatar ƙwayoyi 1200 da 1800. Kafin a ɗora wa mai gyara laifin dusashewa, sai a tambayi inda hoton ya fito.

7.0 Mataki na Uku: Lafazi

Gaskiya ɗaci gare ta, amma Hausa ta tanadi hanyoyin rage ɗacin ba tare da an ɓoye ta ba. Ga guda biyar.

Ta farko, a fara da yabo na gaskiya mai ambaton wuri, sannan a shigo da "sai dai":

(7) Launin lallen ya fito sosai, sai dai zoben ya ɓace.

Ta biyu, a yi amfani da "an" da "a", waɗanda ba sa nuna mai aiki. A kwatanta:

(8a) Ka ɓata fuskar.
(8b) An ɗan wuce da hasken fuskar.

Jimla ta (8a) tana nuna mutum da yatsa, ta (8b) kuwa aikin take nunawa. Ta uku ita ce tsigilau ɗan ko 'yar, kamar yadda ya fito a (8b), wanda ke ƙanƙanta laifi. Ta huɗu ita ce sigar "da … da":

(9) Da an bar inuwar, da ya fi zama.

Ta biyar ita ce mayar da umarni tambaya ta hanyar "ko":

(10) Ko za a gwada rage jan kaɗan?

Matsayi shi ke zaɓar hanya. Maigida zai iya ce wa yaron shagonsa, "Kai, mayar da inuwar nan." Yaron kuwa, idan shi ya hango kuskure a aikin maigida, jam'in girmamawa zai ɗauka ya ce, "Maigida, ko kun lura da gefen hular nan?" Wuri ma yana da muhimmanci. Gyaran da aka yi wa mutum shi kaɗai yakan karɓu, wanda aka yi a gaban mai kaya ko a zauren WhatsApp na dangi kuwa yakan zama tozarci. Akwai kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren: kara da kunya suna iya sa a lulluɓe magana har mai gyara ya tafi yana zaton yabonsa aka yi. Ladabi yana sassauta lafazi, amma dole wurin da ake magana a kai ya fito fili.

8.0 Misali

A ƙaddara wani saurayi a Shuwak ya ɗauki hoton kakansa marigayi, wanda ruwa ya taɓa, ya sa a manhajar farfaɗo da hoto. Hoton ya fito garau da launi. Sai dai manhajar ta ɗauki zanen Gobirawa da ke kumatun tsohon a matsayin ƙarzuwar takarda, ta share shi, ta kuma haskaka fatar. Saurayin ya kai wa ƙanen mahaifinsa.

"Baffa, ga hoton Kaka na gyara. Yaya kuka gani?"

"Madalla, Allah ya yi albarka. Tabon ruwan nan duk ya fita, rawanin ma ya fito kamar jiya aka naɗa. Na ɗaki ne ko?"

"Na ɗaki ne, Baffa. Ina so in buga wa su Goggo."

"To, zo ka duba nan. Ina zanensa?"

"Wallahi ban lura ba. Na'urar ce ta share."

"Ka ga, Baba baƙi ne, kuma da zanen nan aka san shi tun daga gida. Wannan kyakkyawan dattijo ne, amma goggonninka ba za su ce ubansu ba ne. Da an mayar da zanen, an rage hasken, da shi ke nan. Na asalin yana nan?"

"Yana nan, ban taɓa shi ba."

"Yauwa. Shi za ka riƙe da kyau."

Matakan uku duk suna cikin wannan hira. Baffa ya fara da yabon abin da ya gyaru, ya tambayi manufar hoton, ya ambaci wurare biyu da sunansu, ya kawo dalili, ya rufe da sigar "da … da". Dalilin nasa kuma mai nauyi ne. Zane, wanda Larabawan Sudan ke kiran irin nasu shulukh, yana nuna asalin mutum, kuma al'adar tana ƙarewa, ta yadda jikoki da yawa a hoto kaɗai za su gan shi. Manhaja ba ta san wannan ba, domin abin da take yi ƙiyasi ne daga fuskokin da aka horar da ita da su. Idan babu mai tsokaci, garin gyaran gira sai a rasa ido. Tambayar Baffa ta ƙarshe ma darasi ce: kowane gyara a kan kwafe ake yin sa, a adana na asali.

9.0 Kammalawa

An ga cewa tsokaci kan hoton da aka gyara aiki ne na ido da na harshe a lokaci guda. Mai tsokaci yana fara gano ko hoton na ado ne, na shaida, ko na gado. Daga nan sai ya ambaci wurin da abin da ya same shi, yana amfani da kalmomin launi da amsa-kama da aikatau da suka dace. A ƙarshe ya zaɓi lafazi gwargwadon wanda ke gabansa. Misalin Shuwak ya ƙara nuna cewa a inda harsuna biyu suka haɗu, sai an tabbatar da ma'anar kalma kafin a taɓa hoto.

10.0 Aikin Aji

(a) A mayar da waɗannan jimloli zuwa lafazin da yaro zai yi wa maigidansa: "Ka cika haske." "Ka yanke mata hannu." "Bangon bai dace ba."

(b) A kawo amsa-kama guda biyar da ke bayyana haske ko launi, ban da waɗanda aka ambata a sama, a sa kowace a jimla.

(c) A samo hoton biki guda ɗaya da aka gyara, a rubuta tsokaci na jimla huɗu a kansa: ɗaya ta tambaya, ɗaya ta yabo, biyu na gyara.

(d) A sake rubuta hirar sashe na 8.0, a wannan karo Baffa ne ya gyara hoton, saurayin kuma shi ya lura da ɓacewar zanen.